Shekarun Fry Nawa Ne? Lissafin Zamani da Tsufa a Futurama

Jama'a, tambaya ce ƙarama na zo da ita, amma duk wanda ya kalli Futurama tun daga farko ya san ba ta amsuwa da baki ɗaya: shekarun Fry nawa ne?

Ga waɗanda ba su san shirin ba, katun ne na barkwanci da Matt Groening, mai The Simpsons, ya ƙirƙira tare da David X. Cohen. An fara nuna shi a tashar Fox ta Amurka ranar 28 ga Maris, 1999. Tun wuri in faɗa, ba irin katun ɗin Spacetoon ba ne da muke barin yara a gabansa, na manya ne, kuma akwai wuraren da bakinsa ba shi da linzami. Jarumin labarin, Philip J. Fry, saurayi ne ɗan shekara 25 mai kai wa mutane abinci a kan keke a birnin New York. Daren 31 ga Disamba, 1999, ya kai saƙo wani ɗakin bincike inda ake daskarar da mutane, ya faɗa cikin tukunyar daskarewa, ƙofa ta rufe, bai farka ba sai 31 ga Disamba, 2999. A can ya sami aiki a kamfanin aika kaya na wani tsoho tukuf, Farfesa Farnsworth, wanda jika ne na can nesa ga yayan Fry. Ya yi abota da Bender, mutum-mutumin ƙarfe ɓarawo, ya kuma kamu da son Leela, matuƙiyar jirginsu mai ido ɗaya.

To ranar da ya farka, shekarunsa 25 ne ko 1025?

Mu nan Gadarif wannan tambaya ba baƙuwa ba ce. Da yawa daga cikin iyayenmu, har da wasunmu, ba su da takardar haihuwa, sai takardar tasnin, wadda likita zai dubi mutum ya ƙiyasta masa shekaru. Shi ya sa in ka tara katin mutane za ka ga kamar rabin unguwa ranar 1 ga Janairu aka haife su. Saboda haka mun saba da mutum mai shekaru iri uku: na takarda, na jiki, da waɗanda ya rayu ya san ya rayu. Wani takardarsa ta ce 50, gwiwarsa ta ce 65, shi kuwa da lissafin damina yake yi, tun daga shekarar da ya fara yankan riɗi. Ra'ayina shi ne Futurama ta san bambancin waɗannan ukun fiye da yawancin finafinan ratsa zamani da ake ɗauka da muhimmanci. Inda take bin lissafin shekarun da aka rayu, ba ta da tsara. Inda take ƙwace wa mutum shekarun da ya rayu don labari ya koma yadda yake, nan ne nake da ƙorafi, kuma ƙorafin ya fi batun ko lissafin kimiyyarta ya fita.

Mu fara da barcin kansa. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a koya masa labarin wanda ya yi barci ya farka a wani zamani, domin kowace Juma'a ana karanta Suratul Kahfi. Ba ina haɗa wahayi da wasan katun ba ne, Allah ya kiyaye, amma ƙissar ta riga ta koya mana abin da ya kamata mu duba a irin wannan labari. Samarin sun shekara 309 a kogo, a lissafinsu kuwa yini ne ko wani yanki na yini, kuma da kuɗin azurfa na tsohon zamani aka aiki ɗayansu kasuwa. Kuɗi shi ke fara tona asirin mai dogon barci. A nan ma, da wani zai kwanta a Gadarif a 1999 da dinari a aljihu, ya tashi yau, mai shayi ba zai karɓa ba, tunda an koma fam tun 2007. Futurama ta juya wannan ta mai da shi abin dariya: Fry ya bar santi 93 a banki, kuɗin ruwa ya yi ta hawa shekara dubu, ya tarar da dala biliyan 4.3. Wani abu guda kuma da ya kamata a riƙe, don zan dawo kansa: su As'habul Kahfi da karensu suka shiga kogo. Fry a waje ya bar nasa.

Daskarewa ita ce hanya mafi sauƙi ta zuwa gaba, ba ta karya wata doka ta hankali. Rikici yana farawa ne da komawa baya, kuma marubutan sun daɗe suna gudunsa kafin su yarda a kashin da ake kira "Roswell That Ends Well" na Disamba 2001. Fry ya sa gugguru mai kwanon ƙarfe a na'urar ɗumama abinci daidai lokacin da wani tauraro ke fashewa, sai jirginsu ya faɗa shekarar 1947, a Roswell. A can ya haɗu da Enos, sojan da yake ɗauka kakansa ne. Farfesa ya gargaɗe shi cewa in Enos ya mutu shi ma babu shi. Garin tsare shi daga haɗari, Fry ya kai shi wani gida a daji ya kulle, ashe filin gwajin bam ɗin nukiliya ne. Enos ya mutu, Fry kuwa yana nan daram. Abin da ya biyo baya tsakaninsa da budurwar mamacin ba na faɗa a gaban manya ba ne, a taƙaice dai Fry shi ne kakan kansa.

Abin ƙyama ne, amma ta fuskar lissafi babu inda ya yoyo. Fry bai canza tarihi ba, cika shi ya yi. Abin da ya faru dama haka ya faru tun farko, shi ne dai bai sani ba. Masana kimiyya suna danganta wannan ra'ayi ga wani Barashe, Igor Novikov, cewa in har ana iya komawa baya, to ba abin da mai komawa zai yi sai abin da ya dace da abin da ya riga ya wakana. Mu da muka tashi da zancen ƙaddara ba ma bukatar dogon bayani a nan. Kuma marubutan ba su jefar da abin ba bayan an yi dariya. A "The Why of Fry" na 2003 aka bayyana cewa wannan murɗaɗɗen asali ne ya sa ƙwaƙwalwar Fry ta rasa wani abu da kowa ke da shi, shi ya sa shi kaɗai zai iya tunkarar wasu halittu masu dusashe tunani, kuma Nibbler, ɗan dabbar da Leela ke kiwo, da gangan ya sa aka daskarar da shi. In ka koma kashin farko na 1999 za ka ga inuwar Nibbler a lokacin da Fry ke faɗawa. Shekara huɗu suka ɓoye wannan. Wanda ya yi haka ya cancanci a yi masa hisabi mai tsanani, domin shi ya nuna yana lissafi.

A wannan tafiya ta Roswell ne kuma shekarun Bender suka fara rikicewa. Kansa ya faɗo daga jirgi aka bar shi a 1947, sai da suka koma zamaninsu suka je suka tono shi. Kai ya girmi gangar jiki da shekara dubu da ɗoriya. Tunda ƙarfe ne, ba furfura ba tamoji, sai abin ya wuce a matsayin raha. Ni ma ban tsaya a kansa ba.

Inda zan tsaya shi ne kare.

"Jurassic Bark" ya fito a Nuwamba 2002, kuma babu keken zamani a cikinsa ko kaɗan. An tono gawar Seymour, karen Fry, ta zama dutse. Farfesa ya ce zai iya dawo da shi. Ana dab da yi, sai na'ura ta nuna karen ya mutu yana da shekara 15. Fry ya yi lissafi: yana da shekara uku na bar shi, ashe ya yi shekara 12 bayana, ya daɗe da mantawa da ni. Ya ce a bari. Sai aka nuna mana abin da shi bai gani ba: karen yana zaune a ƙofar shagon da Fry ke aiki, rani da damina, sanyi da zafi, yana tsufa a wuri ɗaya, har ya kwanta ya rufe ido. Lissafin Fry daidai ne, fassararsa ce ta kuskure. Wannan shi ne darasin da shirin ya fi iyawa: mai ratsa zamani ba ya biyan komai, wanda aka bari a baya shi ake caja, kuma da jikinsa yake biya. Jiki magayi.

Ban san wata al'umma da ya kamata ta gane wannan kamar Hausawan Sudan ba. Kakanninmu da yawa da niyyar aikin hajji suka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Haɗeja a ƙafa, wasu kuma suka biyo ayarin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Mutum ya ce wa matarsa ko mahaifiyarsa sai na dawo. Ya tsaya noma damina ɗaya don ya sami guzuri, ɗaya ta zama goma, ya yi aure, ya haihu, aka binne shi a nan. Labarin matafiyin muna da shi, don mu ne jikokinsa. Labarin wadda ta zauna a ƙofar gida tana duban hanyar gabas ba wanda ya kawo mana. Kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan abin da ya sami Wad Madani a Disambar shekarar, garinmu ya cika da mutanen da suka kulle gida suna cewa sati biyu ne.

Shi ya sa ban yafe wa "Bender's Big Score" ba, fim ɗin 2007 da aka dawo da shirin da shi bayan Fox ta dakatar da shi a 2003. Ken Keeler ne ya rubuta, mutumin da ke da digirin dakta a lissafi daga Harvard, kuma ka ga hannun malamin lissafi a ciki. An kawo sabuwar hanya: wasu lambobi da aka zana a jikin Fry, in an karanta su sai ƙofar komawa baya ta buɗe. Wannan karon ana iya canza abu, mutum ma yana iya haɗuwa da kansa. To ina za a kai mutum biyu? Sai aka sa doka: duk kwafin da ya samu ta wannan hanya ajalinsa a kusa yake, duniya za ta share shi. Lambobin kansu ba su da mafari, domin daga gawar wani aka yanko zanen aka koma baya aka manna wa Fry, shi kuma wannan wanin daga Fry ya gaje shi.

Wannan wanin shi ne Lars, kuma shi ne mafi kyawun abin da fim ɗin ya yi da batun tsufa. Fry ya gudu ya koma 1 ga Janairu, 2000, ya rabu gida biyu. Ɗaya ya sake faɗawa tukunyar daskarewa, ya sake kwana shekara dubu, wato a takarda ya haura 2000 ke nan, a jiki kuwa bai ƙara ko wata guda ba. Ɗayan ya zauna ya rayu shekara 12 a tsohon zamaninsa. Ya yi aiki, ya yi kewar Leela, ya kula da wata dabbar teku har ya koyi cewa so yakan sa ka saki abin da kake so. A 2012 Bender ya harba wa ɗakinsa wuta, gashinsa ya ƙone, muryarsa ta canza, ya dubi madubi ya gane ashe shi ne Lars ɗin da ya ƙwace masa Leela a can gaba. Leela ta ƙi Fry ta so Lars, alhali mutum ɗaya ne. Bambancinsu shekarun da aka rayu. Shekara dubu biyu na ƙanƙara ba su ƙara wa Fry hankali ko na anini ba, sha biyu na wahala sun mai da shi mijin aure. Har nan na yaba.

Amma a cikin waɗannan shekaru 12 sai aka nuna Seymour tare da wannan Fry na biyu, yana samun mai shafa kansa. Wato jiran da ya sa mutane kuka a 2002 an sassauta shi, an ce ai kare bai zauna shi kaɗai ba. Masu kare fim ɗin za su ce lissafi ya fita, har ma an bayyana yadda gawar ta zama dutse, wutar Bender ce. Na yarda ya fita. Sai dai an biya bashin da bai kamata a biya ba. An ji tausayin mai kallo, aka cuci labarin. Sannan Lars, wanda shi kaɗai ne Fry ɗin da ya girma, doka ta ce dole ya mutu, aka bar mana wanda bai koyi komai ba don a ci gaba da shiri. Dokar kwafi ba don kimiyya aka kafa ta ba, tsintsiya ce ta share duk wanda ya canza.

"The Late Philip J. Fry" na 2010, wanda Lewis Morton ya rubuta kuma ya ci kyautar Emmy kamar na Roswell, shi ne nake ganin ya fi kowanne. Farfesa ya ƙera keken zamani mai zuwa gaba kawai, da gangan, don kada a sake irin abin kunyar Roswell. Za a gwada shi na minti ɗaya, Fry yana sauri zai je cin abincin zagayowar ranar haihuwar Leela, sai tsoho ya yi tuntuɓe ya ja sandar, suka tsinci kansu a shekara ta 10,000. Babu komawa. Suka yi ta tsalle gaba suna neman zamanin da aka ƙera keken komawa baya, har suka kai shekara biliyan ɗaya, ƙasa ta mutu. Suka zauna suna kallon taurari na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai ga wata sabuwar halitta ta fashe, komai ya sake faruwa sak yadda ya faru. Ashe in ka yi ta tafiya gaba za ka zagayo gida. Suka zarce tashar saukarsu, suka sake zagayawa, a karo na uku suka sauka a kan Fry da Bender da Farfesa na wannan duniyar suka murƙushe su, suka maye gurbinsu. Fry ya isa wurin cin abinci a kan lokaci.

Ana dariya, amma a tsakiyar kashin an nuna Leela ta farko. Ta ɗauka ya yi watsi da ita ya tafi shagali ya mutu a can. Ta riƙe kamfani, ta yi arziki, ta yi auren da bai yi daɗi ba, ta tsufa. Sai a 3050 katin gaisuwar da Fry ke naɗa mata lokacin da keken ya tashi ya faɗo mata, ta gane gaskiya bayan shekara 40. Ta je kogon da suka yi alkawarin haɗuwa ta harbi rufinsa, don ɗigon ruwa ya yi ta taruwa yana zama dutse ya rubuta masa saƙo, shi kuma ya karanta a shekara ta biliyan ɗaya. Wannan Leelar ba ta sake ganinsa ba har ta mutu. Wadda ya tarar a teburi ta uku ce, kuma nata Fry ɗin yana ƙarƙashin keke a murƙushe, Bender na binne shi. A nan marubutan ba su yi abin da suka yi wa Seymour ba. Sun bar tsohuwar da furfurarta da jiranta, ba su koma sun goge ba. Daga wannan kashi zuwa yau, duk wanda ke kewaye da mutanen nan uku baƙo ne mai kama da na gida, shirin dai bai cika son tuna mana ba.

A "Meanwhile", wanda ya rufe zamanin shirin a tashar Comedy Central a Satumba 2013, akwai wani ɗan abu da ya nuna sun san abin da suke yi. Farfesa ya ƙera maɓalli mai mai da duniya baya da daƙiƙa goma. Fry ya sace shi, ya nemi auren Leela, ya ce in ta yarda ta same shi a saman wani dogon bene da ƙarfe shida da rabi. Ya duba agogonsa ya ga lokaci ya wuce, ya yanke ƙauna ya yi tsalle, yana cikin faɗowa ya hango ta tana zuwa. Ba ta makara ba. Agogon hannunsa ne ya yi gaba da fiye da rabin awa, domin duk daƙiƙa goman da ya yi ta maimaitawa, agogon yana tare da shi yana ƙirgawa. Agogon gari yana ƙirga na takarda, na hannu yana ƙirga na rayuwa. Mu da gwamnati ta tura mana agogo gaba da awa guda a Janairun 2000, abin da aka kira bukur, aka kuma dawo da shi a Nuwamba 2017, mun san rana ba ta bin umarnin agogo, ladan ma da inuwa yake aiki.

Daga baya maɓallin ya fashe, komai ya tsaya cak sai su biyu. Suka ɗaura wa kansu aure, suka zaga duniya a ƙafa har kan tekun da ya sandare, suka tsufa tare. Wannan ne karo ɗaya da aka bar Fry na ainihi ya yi furfura kusa da wadda yake so, ba wanda ya jira wani. Sai Farfesa ya ɓullo ya gyara maɓallin, ya ce zai mai da su kafin a ƙera shi, kuma ba za su tuna komai ba. Suka yarda. A matsayin ƙarshen shiri, da kyau. Amma da Hulu ta dawo da shi a Yulin 2023, sai ya zama an sake amfani da tsintsiyar nan: shekaru masu yawa na aure sun tafi, jiki ya koma na samari.

Kuma dawowar ce ta fito da ɓarakar da ba ruwanta da keken zamani. A The Simpsons, Bart yana shekara goma tun 1989, ba wanda ya damu, don shirin ba ya ƙirga shekaru. Haka Conan da muka sani a Spacetoon, ya daɗe yana aji ɗaya. Futurama kuwa tana ƙirgawa: 3000, 3010, 3013, da aka dawo aka ce 3023 ake ciki. A 2003 Kif, masoyin Amy, ya haifi 'ya'ya irin na talibamban, aka sake su a fadama aka ce sai bayan shekara 20 za su fito. A 2023 aka cika alkawari, suka fito. Madalla. To Cubert fa, kwafin Farfesa da aka nuna mana a 2000 yana ɗan shekara 12? Shi da abokinsa Dwight har yanzu yara ne, da tsawonsu da muryarsu. A gida ɗaya, kalanda ɗaya, shekara 20 ta wuce a kan 'ya'yan Kif ta tsallake Cubert. Farfesa ya cika 160 tun a 3001, shi dai a ce tsufa ya gama da shi babu abin ƙarawa. Leela da Amy da Hermes a ce maganin zamaninsu ne. Yaro ɗan 12 kuwa ba maganin da zai sa ya shekara 23 bai fara gemu ba, kuma mun san yana iya girma, tunda a duniyar farko ta "The Late Philip J. Fry" mun gan shi babban mutum, shi ne ma mijin da Leela ta aura suka rabu.

In muka koma tambayar farko, a takarda Fry ya wuce 2000, ban da zagayen halitta biyu da ya yi a zaune cikin keke, waɗanda ba ƙidayar da za ta ɗauke su. A rayuwa, in an bi kalandar shirin, ya kamata a 3023 ya doshi 50, ko da ba a sa shekarun da ya yi da Leela a sandararriyar duniya ba. A jiki kuwa, da za a kai shi gaban likitan tasnin a nan Gadarif, 25 zai rubuta masa, ranar haihuwa 1 ga Janairu.